Zato A Kan Niyyar Wanda Ake Tuhuma Da Kisa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, Masanin abin da zukata suka ɓoye. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako za mu yi magana a kan wata ɗabi'a wadda ta zama ruwan dare a cikinmu, har mun daina ganin muninta. Watau da zarar an ji an kashe wani, aka kuma ce ga wanda 'yan sanda suka kama, to, kafin a yi wa mamaci sutura an riga an gama shari'a a bakin kasuwa, da tashar mota, da teburin mai shayi, da cikin wayoyin da ke hannunmu. Ba a tsayawa ga cewa wane ne ya yi, sai an faɗi abin da ya sa ya yi. In mace ce ake tuhuma, a ce kishi ne. In attajiri ne, a ce tsafi ne. In ɗan'uwan mamaci ne, a ce gado ne. In kuwa baƙo ne, sai a ce ai halin mutanensu ke nan, ko kuwa addininsu ne ya sa shi. Kowa yana ba da labari kamar da shi aka yi shawara.

Abin tambaya a nan shi ne, shin ya halatta ga Musulmi ya faɗi abin da ke cikin zuciyar wani, alhali bai ji daga bakinsa ba, ba a kuma tabbatar da shi gaban alƙali ba?

Bari mu fara da abin da ya faru a Madina a cikin watan Zulhajji, shekara ta 23 bayan Hijira. Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, ya tsaya zai ba da sallar Asuba, sai wani bawa mutumin Farisa, mai suna Abu Lu'lu'a, bawan Mugira ɗan Shu'uba, ya soke shi da wuƙa mai baki biyu. Ya bi sahu yana suka, har ya sami mutum 13, bakwai daga cikinsu suka cika. Da ya ga an rutsa da shi sai ya kashe kansa, ya tafi da sirrinsa. Abin da aka sani a fili shi ne, kwanaki kaɗan kafin nan ya kai wa Halifa kukan cewa kuɗin da ubangidansa ya aza masa sun yi yawa, Halifa kuwa ya duba sana'o'in da ya iya, ya ce ba su yi yawa ba.

Mutanen Madina suka ruɗe. Sai Abdurrahman ɗan Abubakar ya ba da labarin cewa ya ga Abu Lu'lu'a yana ganawa da mutum biyu: Hurmuzan, tsohon shugaban yaƙin Farisa wanda aka kawo Madina a kame ya musulunta, da Jufaina, wani Kirista mutumin Hira da ke koyar da rubutu. Ya ce da suka gan shi suka zabura, wata wuƙa mai baki biyu ta faɗi a tsakaninsu. Da Ubaidullahi, ɗan Sayyidina Umar, ya ji haka, baƙin ciki ya ɗebe shi, ya zare takobi ya kashe Hurmuzan, ya kashe Jufaina, ya kuma kashe wata ƙaramar 'yar Abu Lu'lu'a. Wannan ita ce shari'a ta farko da ta zo gaban Sayyidina Usman bayan an yi masa mubaya'a. Sayyidina Aliyu ya ga a yi ƙisasi, waɗansu sahabbai kuwa suka ga bai dace a kashe uba jiya a kashe ɗa yau ba. Daga ƙarshe Halifa ya biya diyya daga cikin dukiyarsa.

To, jama'a, mu lura. Labarin da Abdurrahman ya bayar ba jita-jita ba ne, ganau ne yake faɗin abin da idonsa ya gani, kuma mutum ne amintacce. Amma abin da ya gani shi ne mutum uku da wuƙa. Cewa sun ƙulla makirci don su rama wa Farisa, wannan fassara ce, ita kuwa fassara sai an kira mutum, an tambaye shi, an ji ta bakinsa. Takobi ya hana wannan tambaya har abada, shi ya sa har yau malaman tarihi suna saɓani a kan ko da makirci ko babu. Mu ƙaddara ma da makircin. Ita yarinyar fa, me ta yi?

Shi kuwa wanda aka soka, ga yadda ya yi. Buhari ya ruwaito cewa Sayyidina Umar yana kwance cikin jini ya aiki Ibnu Abbas ya binciko masa wanda ya soke shi. Da magana ta kai ga yawan bayin Ajamawa da ke Madina, Ibnu Abbas ya nuna in Halifa yana so a gama da su, sai ya kwaɓe shi, ya tuna masa cewa mutanen nan suna magana da harshenmu, suna fuskantar alƙiblarmu, suna yin hajjinmu. Mutumin da ciwo ke cinsa ya tsai da laifi a kan mai laifi shi kaɗai.

Wannan shi ne haɗari na farko da ke cikin zaton niyya: ba ya tsayawa a kan mutum guda. Aikin kisa hannu ɗaya ne ya yi shi, amma da zarar ka ce ya yi ne saboda ƙabilarsa ko aƙidarsa, ka raba laifin ga duk mai wannan ƙabila ko aƙida, har da jariri a goye. Alhali kuwa Alƙur'ani, a Suratul An'am aya ta 164, ya kafa ƙa'idar cewa babu mai ɗaukar nauyin zunubin wani.

Kada a ce wannan labarin da ne. A ranar 29 ga Yuli, 2024, a garin Southport na ƙasar Ingila, wani saurayi ɗan shekara 17 ya shiga wurin da ake koya wa yara rawa, ya kashe 'yan mata uku da wuƙa, masu shekara 6 da 7 da 9, ya raunata waɗansu. Kafin gari ya waye an baza labari cewa Musulmi ne ɗan gudun hijira da ya shigo ta jirgin ruwa, har aka laƙa masa sunan ƙarya mai kama da na Larabawa. Kashegari taron mutane suka auka wa masallacin garin da jifa, tarzoma ta bazu zuwa garuruwa da dama har kwanaki. Ashe yaron a birnin Cardiff aka haife shi, iyayensa 'yan asalin Ruwanda ne. A watan Janairu, 2025, ya amsa laifinsa, aka ɗaure shi shekara 52 a ƙalla, alƙali kuma ya bayyana cewa ba a sami hujjar da ke nuna ya yi kisan don wata manufa ta addini ko ta siyasa ba. Kotun da ke da dukkan takardu a gabanta, bayan wata shida, ba ta faɗi abin da 'yan tarzoma suka yanke cikin dare ɗaya ba.

Duk Musulmin da ya ji wannan labari ransa ya ɓaci, kuma yana da gaskiya. Amma fa sai mu tambayi kanmu: in a garinmu ne aka yi kisan, wanda ake tuhuma kuwa baƙo ne mai wani harshe ko wani addini, shin hukuncin kotu muke jira? Abin da muka ƙi a yi mana, bai kamata mu yi wa wani ba. Suratul Ma'ida aya ta 8 ta hana ƙiyayyar waɗansu mutane ta ɗauke mu a kan barin adalci.

Haɗari na biyu yana komawa kan mamaci ne. Sau da yawa mai neman dalili yakan ƙare da cewa, "In ɓera da sata, daddawa ma da wari." Sai ka ji ana cewa ai matar ba ta da kamun kai, ko mijin azzalumi ne, ko mai gidan ba ya biyan yaransa haƙƙinsu. An kashe mutum, sa'an nan an bi gawarsa da ƙazafi, shi kuwa ba shi da bakin kare kansa, marayunsa suna ji. Daga nan ne kuma ake mai da mai kisa gwarzo, domin in an ƙi wanda aka kashe, sai a ƙirƙiro wa makashinsa kyakkyawar niyya, a yi ta yaba masa, har wani yaro mai ƙaramin hankali ya ji sha'awar kwaikwayonsa. Wanda ya ce don mugunta ya yi, da wanda ya ce don kishin talakawa ya yi, in ba su da hujja, jirgi ɗaya ya kwaso su: kowanne ya ba da shaida a kan abin da bai gani ba.

Wataƙila mai karatu ya ce, "To, Malam, ai ita kanta Shari'a tana duban niyya, tun da ta bambanta kisan ganganci da na kuskure." Haka ne. Sai dai a nan akwai abu biyu da ya kamata a rarrabe. Na farko shi ne nufin aikata abin, watau ko da gangan ya soka ko kuwa hannunsa ne ya kuɓuce. Na biyu shi ne abin da ya tunzura shi, ko kuɗi, ko fushi, ko gaba. Alƙali yana gane na farko ne daga alamomin zahiri, kamar irin makamin da aka yi amfani da shi da yadda abin ya auku. Na biyun ma yakan shiga hukunci a wani wuri. Kalmar nan tamu ta "kisan gilla" daga Larabci ta fito, asalinta kuwa shi ne a yaudari mutum a kai shi inda ba mai cetonsa a kashe shi, galibi don abin hannunsa. A mazhabar Imamu Malik irin wannan kisa ba ya karɓar afuwar magada. Amma dubi ƙofar da ake bi kafin a kai can. Littafin Risala na Ibnu Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukanmu, ya nuna ba a kashe rai saboda rai sai da ɗayan uku: shaidu adilai, ko iƙirarin mai laifi, ko rantsuwa 50 da magada za su yi in sharuɗɗanta sun cika. Ashe ke nan Shari'a ba ta hana binciken niyya ba, ta dai ba shi wuri, da ma'aikaci, da ma'auni. Teburin mai shayi ba ya cikinsu.

Rantsuwar nan 50 tana da asali mai ban tsoro. An tsinci gawar wani sahabi, Abdullahi ɗan Sahlu, a Haibara, garin Yahudawa. Danginsa suka zo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba su da shakka a ransu game da waɗanda suka kashe shi. Da aka nemi su rantse, sai suka ce yaya za su rantse a kan abin da ba su halarta ba, ba su kuma gani ba? Manzon Allah ya biya diyyar raƙumi 100 daga wajensa, ba a taɓa kowa a Haibara ba. Ɗan'uwansu ne aka kashe, zatonsu kuma yana da ƙarfi, amma suka san bambancin zato da sani. Haka nan Usama ɗan Zaidu, da ya kashe mutumin da ya yi kalmar shahada a fagen fama, ya kawo hanzarin cewa tsoron takobi ne ya sa shi faɗi, Manzon Allah ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyar mutumin ya duba, ya yi ta maimaita masa har Usama ya yi burin da ma a ranar ya musulunta. In an yi wa masoyin Annabi wannan faɗa, ina ga ni da kai da muka tsinci labari a waya?

Wani kuma zai ce, in ba a tambayi dalili ba yaya al'umma za ta gyara? Wannan ma magana ce. Wajibi ne malamai da shugabanni su binciki abin da ke jefa mutane cikin zubar da jini, ko shaye-shaye ne, ko zaluncin zaman aure, ko son kuɗi, ko taɓin hankalin da aka ƙi kai wa asibiti. Amma ana gina wannan bincike ne a kan shari'o'in da aka gama, aka san gaskiyarsu. Likitan da ya ba da magani kafin ya auna marar lafiya, ba gyara yake yi ba. Hukuma ma tana da nata kaso a nan, domin shirun jami'an tsaro da jan ƙafar kotuna su ne takin da jita-jita ke tsirowa a kai. In an bar shari'ar kisa tana ta ɗaguwa shekara da shekaru, mutane za su cike giɓin da abin da ransu ya raya musu.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, in labarin kisa ya iso maka, hanya biyu ce a gabanka. In ka san wani abu na haƙiƙa, ka gani da idonka ko ka ji da kunnenka, to, ka kai shi inda ya dace, domin Suratul Baƙara aya ta 283 ta hana ɓoye shaida. In kuwa ba ka sani ba, ka yi istirja'i, ka yi wa mamaci addu'a in Musulmi ne, ka yi wa iyalansa ta'aziyya, ka kame bakinka da yatsanka. In an tambaye ka me ya sa ya yi, ka ce Allah ne Masani, ba za a rage ka da komai ba. Suratul Isra'i aya ta 36 ta gargaɗe mu kada mu bi abin da ba mu da saninsa, ta kuma sanar da mu cewa ji da gani da zuciya duk za a tambaye mu a kansu. Magana zarar bunu ce, wadda ka faɗa da safe kana shan shayi, ba ka san gidan wa za ta ƙone da dare ba.

Allah Ya tsare harsunanmu daga shaidar zur, Ya jiƙan waɗanda aka kashe bisa zalunci, Ya ba alƙalanmu ikon tsai da gaskiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.