WA ZAI TARE MASA ISKA?

'Yan'uwa ƙaunatattu, ku ji labarin wani saurayi mutumin Beljiyam, Remco Evenepoel, wanda tseren keke ne sana'arsa.

A watan Agusta 2020, yana da shekara 20, suna tsere a Italiya, sai ya bugi katangar gada a guje, ya faɗa cikin kwari, ƙashin ƙugunsa ya karye. Da ya ɗan ji sauƙi ya yi gaggawar hawa keke, ciwon ya tashi, tilas ya sake hutawa. Wajen wata 9 bai yi tsere ba.

Amma ƙungiyarsa ba ta yashe shi ba. A wannan sana'a abokai sukan shiga gaba su tare wa ɗaya iska, domin ƙarfinsa ya kai shi ƙarshe. A 2022, cikin babban tseren Sifen, Julian Alaphilippe, zakaran duniya a lokacin, ya yi wa yaron nan wannan hidima, har shi ma ya faɗi ya gurɗe kafaɗa. Remco kuwa ya ci tseren.

To, a ikilisiyarku akwai saurayin da ya faɗi cikin zunubi, kunya ta hana shi zuwa sujada? Rauni ba ya warkewa da gaggawa, ko da tsegumi. Dattawa, ku je ku neme shi, ku jira shi, ku shiga gabansa. Gama Ubangijinmu Yesu, da girmansa duka, ya durƙusa ya wanke ƙafafun Bitrus, yana kuwa sane zai yi musunsa.

Allah ya ba mu irin wannan zuciya. Amin.