Furen Kabewa Da Aikinsa Na Rabin Yini

Karatu: Matiyu 6:28-30, Yohanna 3:26-30

Sa'ad da Ubangiji Yesu ya so ya kwantar da zuciyar almajiransa game da abin sawa, sai ya nuna musu furannin jeji, ya fifita adonsu bisa na Sarki Sulemanu. Duk iyalin da ke da kabewa a bayan gida suna da irin wannan makaranta kusa da su.

Furen kabewa yakan buɗe da asuba, kafin rana ta take ya riga ya soma yanƙwanewa. Ganyayensa guda 5, masu launin ɗorawa, a haɗe suke kamar mazurari, bakin a buɗe, gindin a tsuke. A can gindin ne ruwan zaƙi yake. Kabewa tana da fure namiji dabam, tamace dabam, kuma garin furenta yana da nauyi da danƙo, iska ba ta iya ɗaukarsa. Dole sai ƙudan zuma ya shiga wannan, ya kwaso garin a jikinsa, ya kai wa wancan. Idan bai zo ba a 'yan sa'o'in nan, ƙaramin ƙullin da ke ƙarƙashin furen tamace yakan ruɓe ya faɗi. Ashe launin nan kira ne, siffar kuma hanya ce mai kai baƙo ciki. Masara, da yake iska ce ke yi mata wannan aiki, ba a ba ta ganyayen ado ba ko kaɗan.

Mahalicci yakan auna adon da baƙon da ake jira. Furen kuka fari ne, yana reto ƙasa, yakan buɗe da magariba da wari mai ƙarfi wanda mutum ba ya so, gama jemagu yake kira, ba mutane ba.

Abin lura shi ne, ganyen fure ba ya riƙe baƙo domin kansa, ba ya kuma jira a gode masa. Haka Yohanna Mai Baftisma ya yi. Da almajiransa suka kawo ƙara cewa jama'a sun koma wurin Yesu, bai ji kishi ba; ya kwatanta kansa da abokin ango, wanda murnarsa ta cika da jin muryar ango, ya kuma yarda lokacin raguwarsa ya yi.

A nan ne masu bi da yawa suke tuntuɓe. Mai muryar waƙa yakan so taron ya tsaya a kan muryarsa. Dattijon ikkilisiya yakan ƙi sakin kujera ko da matasan da ya horar sun isa aiki. A cikin gida ma, uwa takan riƙe ɗanta bayan ya yi aure, har zaman amarya ya gagara. Dukansu sun yi hidima ta gaskiya, ba wanda ke musu. Lokacin sauka ne ya yi musu wuya.

Manomiya kuwa, in ta zaga da yamma ta tarar furen ya langaɓe, ba ta baƙin ciki. Takan ɗaga shi a hankali da yatsa, ta duba ko ƙullin da ke ƙarƙashinsa ya kama.