Jarumin da ba ya kuskure: tambaya game da fina-finan leƙen asiri

A fadar matasa, ko a ɗakin malamai lokacin hutun safe, hirar fim ba ta da nauyi. Wani ya ce James Bond ya fi kowa iya saka kaya, wani ya ce ai Jack Bauer ne namiji, tunda ba ya jiran izinin kowa kafin ya matse mai laifi. In aka sami mai ja da maganar, amsa guda ce: fim ne kawai. Da wannan amsa ake rufe zance a koma kan shayi. Sai dai tambayar da aka rufe ɗin ta cancanci a buɗe ta: shin mutum zai iya yabon abu a allo, ya tsine masa a unguwa, ba tare da ɗayan ya shafi ɗayan ba?

Sana'ar ɗan leƙen asiri dai ƙarya ce da cin amana. Yana sauya suna, yana ƙulla abota don ya sayar da abokin. Mai irin wannan hali a cikin gari sunansa munafuki ko annamimi, kuma Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane. Dattawan da suka ga zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, ba su manta yadda mutum kan waiga kafin ya yi magana ba, don tsoron ƴan rahoto. Duk da haka, tun daga fim ɗin Dr. No na 1962, ake tafa wa ɗan rahoton Ingila mai lamba 007, wanda gwamnatinsa ta ba izinin kisa.

Masu cewa fim ne kawai suna da hujja, kuma ba ƙarama ba. Yaran Hausa sun tashi da Gizo, maƙaryaci, mai haɗama, mai cutar Ƙoƙi da sarki da kura, amma ba a ce tatsuniya ta mai da su ɓarayi ba. Zuciya tana son ta ɗanɗana wayo da ƙarfin hali daga nesa, inda ba wanda zai ji ciwo. Amma Gizo yakan sha kunya, wayonsa yakan koma kansa, kuma mai tatsuniya tana rufewa da ƙurunƙus, kowa ya san wasa aka yi. Jarumin leƙen asiri kuwa an gina masa duniyar da ba ya kuskure a cikinta.

Shirin 24, wanda ƙasashe masu Faransanci suka sani da 24 heures chrono, ya fi kowane nuna wannan. An fara shi a Amurka cikin Nuwamban 2001, watanni biyu bayan harin 11 ga Satumba, aka yi zango takwas har 2010. Kowane zango yini guda ne, agogo na tafiya, bam na shirin tashi, ga mutum ɗaure a kujera wanda ya san inda bam ɗin yake. Bauer ya azabtar da shi, ya faɗi, gari ya tsira. Dabarar tana nan: galibi an riga an nuna wa mai kallo cewa ɗaurarren nan shi ne mai laifin. An ba ɗan kallo sanin da babu wani jami'i a duniya da ke da shi, sannan aka tambaye shi ko azaba ta halatta. Da wuya ya ce a'a. Hukuncin da ya yanke da sanin aro shi ne yake ɗauka ya fita da shi waje, inda wanda aka kama zai iya zama maƙwabci da aka yi wa ƙazafi, kuma inda mai shan azaba kan faɗi duk abin da zai sa a daina.

Ba malaman ɗa'a kaɗai abin ya dama ba. A 2006 Janar Patrick Finnegan, shugaban sashen karatu na makarantar sojan West Point, ya je da kansa wurin masu shirin ya roƙe su su rage nuna azaba, domin ɗalibansa sun fara ɗaukar Bauer abin koyi. In hafsoshin da ake koya wa dokokin yaƙi sun kasa raba allo da aiki, da ƙyar a ce ra'ayin fada ba ya barin tabo. Abin da baki ya saba yabawa cikin raha, kunne ba ya jin nauyinsa ranar da aka ce an yi wa wani a bayan ƙofa.

Nijar kuma tana da nata dalilin yin hattara, domin ta taɓa shiga labarin leƙen asiri na gaske ba da sonta ba. Wasu takardu da suka ɓullo daga Italiya sun ce ƙasar ta amince ta sayar wa Iraki tan 500 na uraniyum. A Fabrairun 2002 hukumar CIA ta aiko tsohon jakada Joseph Wilson Yamai, ya yi kwanaki yana tambaya, ya koma ya ce zancen ba shi da tushe. Duk da haka, ran 28 ga Janairun 2003 shugaba George Bush ya gaya wa majalisar Amurka cewa Saddam Husaini ya nemi uraniyum a Afirka. Da Wilson ya fito ya musa a jarida cikin Yulin shekarar, sai aka tona cewa matarsa, Valerie Plame, jami'ar CIA ce, aikinta ya mutu. An yi fim a kan haka a 2010, Fair Game, wanda jarumansa ba su ceci kowa ba.

Takardun nan ba gwanin jabu ya yi su ba. Wata wasiƙa mai kwanan watan Oktoban 2000 tana ɗauke da sunan Allele Elhadj Habibou a matsayin ministan harkokin waje, alhali ya bar kujerar tun 1989, abin da tsohon ma'aikaci a Yamai zai gane da kallo ɗaya. Ran 7 ga Maris 2003 Muhammad ElBaradei, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta duniya, ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa takardun jabu ne. Kwana goma sha uku bayan haka aka fara ruwan bama-bamai a Bagadaza.