Haddar Ƙasida Ba Ita Ce Sanin Ƙasa Ba

Da zarar an liƙa sanarwar ranar jarrabawar ƙarin girma a allon sakatariya, ko aka ji ƙishin-ƙishin gwamnati za ta ɗebi sababbin ma'aikata, kasuwar mutum biyu ce ke buɗewa: mai injin kwafe takardu da mai tallar ƙasidar al'amuran yau da kullum. Ƙasidar nan kowa ya san ta. 'Yar siririya ce, bangonta kore da fari, ga hotunan shugabanni a jere tun daga Abubakar Tafawa Ɓalewa, a ciki kuwa tambaya da amsa ne har shafin ƙarshe. Magidanci mai shekara goma sha biyar a bakin aiki zai saye ta ranar Alhamis, ya kwana biyu yana nanata ta kamar mai tilawa, ya shiga ɗakin jarrabawa ranar Asabar, ya fito ya wurga ta a aljihun tebur. Ba zai sake waiwayarta ba sai bayan shekara uku, in lokacin wani matakin ya zagayo. Abin da muke kira shiri ke nan a yau, kuma ko kunyar faɗa ba ma ji.

Aibin farko shi ne ƙasidar tana tsufa tun tana hannun mai talla. Wadda aka buga a 2022 za ta ce maka taken Nijeriya shi ne wanda aka fara rerawa a 1978, alhali tun watan Mayun 2024 an koma wa na lokacin samun 'yancin kai. Za ta ce ƙasashen ECOWAS goma sha biyar ne, alhali Nijar da Mali da Burkina Faso sun kammala ficewa ranar 29 ga Janairun 2025, saura goma sha biyu. Ba za ka ga Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi a cikinta ba, domin a 2024 aka ƙirƙiro ta. Masu bugawa kuma ba su da lokacin gyara. Sau da yawa bango kawai suke sauyawa, su ɗora hoton sabon shugaban ƙasa, su bar cikin yadda yake. Wanda ya dogara da irin wannan takarda yana iya faɗuwa jarrabawa saboda ya haddace abin da aka ba shi da kyau.

Sai dai ko da kullum ake sabunta ta, aibin da ya fi girma yana nan. Waɗanda suka sa tambayoyin al'amuran yau da kullum cikin jarrabawar ma'aikata, gefe da gefe da Dokokin Aikin Gwamnati da Ƙa'idojin Kashe Kuɗi, ba gasar kacici-kacici suka nufa ba. So suke a gane ko mutumin da za a danƙa wa fayil yana bin diddigin abin da ke gudana a ƙasarsa. Minista na zuwa ya tafi, kwamishina na zuwa ya tafi, ma'aikaci kuwa yana nan har sai ya cika shekara 35 yana aiki ko shekara 60 da haihuwa. Shi ke tsara takardar da za a kai majalisar zartarwa. Shi ake sa ran zai raɗa wa sabon kwamishina cewa, “Ranka ya daɗe, an taɓa gwada wannan a shekara kaza, ga abin da ya hana shi tafiya.” In shi ma bai sani ba, wa zai faɗa?

A ɗauki misali. A watan Maris na 2023 aka sa hannu kan gyaran tsarin mulkin da ya ba jihohi damar yin doka a kan wutar lantarki da jiragen ƙasa da gidajen gyaran hali, abubuwan da a da ikonsu ya fi karkata ga Abuja. Jami'in ma'aikatar ayyuka ta jiha da bai ji wannan labari ba zai ci gaba da rubuta wa maigidansa cewa lamarin na tarayya ne, ba ruwanmu, jiha ta yi ta zama cikin duhu da izininta a hannu. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ma'ajin ƙaramar hukuma da bai san abin da hukuncin ya ƙunsa ba, da inda aka kwana wajen aiwatar da shi, me yake tsaro a ofis? Ga kuma jami'in kwastan ko na shige da fice da aka tura Jibiya ko Illela ko Maigatari. Shi kam ficewar Nijar daga ECOWAS ba tambayar jarrabawa ba ce. Ya ga iyaka a rufe bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ya ga Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris na 2024, kuma kowace safiya ga ɗan kasuwar Maraɗi ko na Damagaram a gabansa yana tambayar wace takarda ce ke aiki yanzu. Ba zai ce masa bari in duba shafi na goma sha biyu ba.

Ƙasida za ta ba ka alƙaluma tsirara. Za ta ce a tsarin rabon da aka daɗe ana bi, tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. To, madalla. Amma me ya sa ake cire kashi 13 a ba jihohin da ake haƙo mai? Me ya sa kuɗin da jihohi ke samu ya ƙaru a lissafin naira bayan janye tallafin mai a Mayun 2023, albashi kuwa ya rage auki a kasuwa? Mai amsa waɗannan shi ne ya san al'amuran yau da kullum, ko da ya manta sunan wanda ya zana tutar ƙasa.

A nan dole a juya ga masu shirya jarrabawar, don su ma suna da nasu kason laifin, kuma ba ƙarami ba ne. Da tambayoyinsu na sauyawa, da kasuwar ƙasida ta mutu da kanta. Amma shekara da shekaru ana maimaita abu guda: jihohi nawa ne, ƙananan hukumomi nawa ne, wace mace ce ta fara tuƙa mota. Yaron aji shida ya san 36 da 774. Komawa ga jarrabawar kwamfuta ta rage son kai wajen duba takardu, wannan gaskiya ne, kuma abin a yaba ne. Sai dai zaɓen amsa ɗaya cikin huɗu ba ya nuna ko mutum zai iya zama ya rubuta shafi guda mai ma'ana a kan tsadar takin zamani ko ambaliyar Maiduguri ta Satumbar 2024. Aikin ofis kuwa rubutu ne. Ana ta ɗaga mutane daga mataki zuwa mataki da canki-canki, sai sun kai ƙofar kujerar babban sakatare a tarayya, inda ake fara tace su da jarrabawar rubutu kafin ta kwamfuta da ta baka, sannan a ji jaridu na ba da labarin daraktocin da suka zube tun a zagayen farko. Ba a ranar suka faɗi ba. Tun suna mataki na takwas aka bar su suka saba da wuce jarrabawa ba tare da karatu ba.

Ba na cikin masu cewa mutanen da duk waliyyai ne. Su kaɗan ne, an zaɓo su da kyau, albashinsu kuma yana kai su ƙarshen wata. Amma akwai ɗabi'ar da suke da ita wadda muka yar. Tun da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, sannan New Nigerian ta zo a 1966, akawun da aka horar a Kongo ta Zariya ba ya jin ya cika ma'aikaci in ba jarida a hammatarsa. A ofis jarida ɗaya kan tashi daga teburin babba ta bi ta kan na ƙasa da shi, ba ta isa hannun masinja sai gefenta ya yi laushi, kuma duk wanda ta bi ta hannunsa ya karanta sharhin edita, don ya san za a tayar da zancen a wajen cin abinci. Marigayi Ahmed Joda daga aikin jarida a kamfanin Gaskiya da gidan rediyo ya shigo gwamnati, ya kai babban sakatare a Kaduna da Legas. Irin su ba su san wani lokaci na musamman da ake ware wa karatun al'amuran yau da kullum ba, domin a cikinsa suke kwana suke tashi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne Bahaushe ba baƙon labarin duniya ba ne. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake watsa shirye-shirye, ga Rediyon Kaduna, ga Muryar Jamus, ga na Faransa da ya biyo baya a 2007. Ka tsaya teburin mai shayi da safe, ƙaramar rediyo na rataye a jikin ƙusa, eriyarta an ɗaure da waya. Dattijon da bai taɓa shiga aji ba zai warware maka rikicin Sudan tun daga Afrilun 2023, ya bambance maka Burhan da Hemeti, ya gaya maka dalilin da ya sa abin ya shafi 'yan'uwanmu mazauna can da ɗalibanmu da aka kwaso. Sannan ka juya ga ɗansa mai digiri, wanda ke neman aiki a Ma'aikatar Harkokin Waje, ka tambaye shi inda hedikwatar Hukumar Tafkin Chadi take, ya hau sosa ƙeya. A aljihunsa akwai wayar da ta fi ɗakin karatun kowace ma'aikata yawan labarai. Kanun labari yake gani ya wuce, ya tsaya a kan faɗan 'yan fim da zage-zagen 'yan siyasa a Facebook da TikTok, ya tura wa jama'a saƙon WhatsApp da bai san mafarinsa ba.

Na san uzurorin, kuma wasunsu na da ƙarfi. An cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare wajajen 2009, aka yi shekaru kafin a dawo da shi, saboda haka akwai samarin da suka gama makaranta ba wanda ya taɓa gaya musu cewa Katsina a 1987 ta fita daga Kaduna, Jigawa a 1991 daga Kano, Zamfara a 1996 daga Sakkwato. Gwajin da gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare a 2017, inda ta ce 21,780 sun kasa, ya nuna daga ina ɓarakar ta faro. Wanda ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 kuma ba za a ce masa ya riƙa sayen jarida kullum ba. Duk na yarda. Amma sauraron rediyo ba a biya, kuma kuɗin datar da ke tafiya a kallon barkwanci ya isa karanta jaridu uku.

Uzurin da ban yarda da shi ba shi ne wanda ya fi yawa a bakin matasanmu: “Ai ba karatu ke ba da aiki ba, hanya ce.” Ba na musun ana sayar da gurabe, ana raba wasu ga 'ya'yan manya da takardar ɗan majalisa. Ana yi, kuma zalunci ne. Amma wanda ya riƙe wannan a matsayin dalilin daina karatu ya taya azzalumin aiki, don ranar da aka yi jarrabawar gaskiya ba zai kai labari ba, sai a ce ga shi nan, dama ba su cancanta ba. Mu 'yan Arewa musamman ya kamata mu yi wa kanmu faɗa a nan. Tsarin daidaiton rabon muƙamai da ke cikin tsarin mulki, wanda aka kafa wa hukuma a 1996, yana iya ware wa jiharka gurbi. Ba zai shiga ɗakin ganawa ya buɗe baki a madadinka ba. In ka samu gurbin ka je Abuja kana rarraba ido a taro, ba kai kaɗai za a raina ba, har da garinku.

Gyaran ba ya bukatar kwamiti. Ƙanena mai shirin jarrabawa, ka sayi littafin rubutu na naira ɗari biyu ko uku. Kowace rana ka saurari labarai cikakku sau ɗaya, ka karanta rahoto ɗaya tun daga farkonsa har ƙarshe, ka rubuta layi uku: me ya faru, me ya jawo shi, wa zai shafa. Ka sa kwanan wata, domin labari marar kwanan wata shi ke kai mutum ya baro. Ka nemi tsarin mulkin 1999, ko babi na biyu kaɗai ka karanta da jadawalin da ya raba iko tsakanin tarayya da jihohi, za ka ga rabin gardamar da ake yi a majalisar unguwa ta warware. Dokokin Aikin Gwamnati ma an sabunta su, ka tabbata bugun da ke hannunka ba tsohon ba ne. Bayan wata shida ka buɗe littafin nan daga shafin farko ka gani ko akwai mai tallar da zai sayar maka da irinsa.

Ku kuma iyayenmu daraktoci da manyan sakatarori, Allah ya ƙara girma, ku ne kuka ga jiya. Ku mayar da jarida ofis, ko guda ɗaya ce a kowane sashe. Ku riƙa jefa wa na ƙasa da ku tambaya a kan labarin safiya kafin ku sa hannu a fayil ɗinsu. Hukumomin ɗaukar ma'aikata na tarayya da na jihohi su daina zazzage tsofaffin tambayoyi, su ware wa rubutu maki, ko shafi ɗaya ne, a kan abin da ya faru cikin shekarar.

Kai kuma mai karatu, in ma'aikacin jiha ne kai, kasafin kuɗin jiharku na bana yana intanet, kyauta. Ka nemo shi a makon nan, ka duba nawa aka ware wa ma'aikatar da kake zuwa kowace safiya, da abin da aka ce za a yi da kuɗin.