Teburin Da Ba A Cewa Bismillah

Tun muna yara aka koya mana cewa ɗan mutunci ba ya kai loma bakinsa alhali akwai wani a kusa da shi, sai ya ce masa bismillah. Ko soyayyiyar gyaɗa ce ƙulli guda, ko rogo da ƙuli, sai an yi tayi. Wanda aka yi wa tayin shi ma ya san amsarsa, ya ce alhamdu lillahi, a ci lafiya. To, amma akwai wuri guda a garuruwanmu inda wannan doka ta faɗi, kuma babu mai ganin laifin kowa, wato gidan abinci na zamani. Mutum ashirin za su zauna a ɗaki ɗaya, kowa da teburinsa, kowa ya duƙufa kan farantinsa, babu mai ɗaga ido ya dubi na kusa da shi balle ya ce masa sa hannu. Tambayar da muke so mu yi wa kanmu, mu da ke tsakanin Samaru da Basawa da Sabon Gari, ita ce: me muke saye a irin waɗannan wurare bayan abincin, kuma me muke bari a bakin ƙofa idan za mu shiga?

Kada mai karatu ya ɗauka sayen abinci baƙon abu ne a ƙasar Hausa. Tun kaka da kakanni mata ke dama fura, suna soya ƙosai da waina, suna dafa ɗanwake a cikin gidajensu, yara na fita talla. Sai dai abin da aka saya gida yake komawa, ko zaure, ko gindin bishiya inda ake hira, nan kuwa hannu da yawa ke shiga kwano ɗaya. A unguwanni da yawa ma akwai ciyayya, inda magidanta kan fito da tuwon dare ƙofar gida bayan magariba, a haɗa kwanuka a tsakiya, mai miyar nama da mai miyar kuka tsura kowa ya ci na kowa, wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba ya zauna ya ƙoshi ba tare da an tona masa asiri ba. Wanda ke zama ya ci a kasuwa ko a tasha, a wancan lokaci, baƙo ne, ko direba, ko gwauro. Magidanci kuwa idan aka gan shi a wajen mai tuwo-tuwo, sai a fara tambaya ko uwargida ta yi yaji.

Yankinmu na cikin wuraren da wannan kunya ta fara raguwa, domin kuwa wuri ne na baƙi tun asalinsa. Sabon Gari ya tashi ne da zuwan layin dogo, wanda ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, ya kawo ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa daga kudu. A Samaru an kafa tashar binciken aikin gona a 1922, sannan aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgin sama a 1964, ga kuma barikin soja a Basawa. Ɗalibi da soja da malamin da ya bar iyalinsa a wani gari ba su da zauren da za su ci tuwo. Tilas aka sami masu dafa musu, daga rumfar mai shayi da tukubar mai tsire, zuwa gidajen abinci masu kujeru da fanka, zuwa yau da ake sayar da fiza da shawarma a bakin titi. Wanda ya fi ƙarfin aljihu kuwa, idan ya je Abuja ko Legas, yakan nemi gidan abincin Italiya, ko gidan da sana'arsa ita ce gasa tsokar sa irin ta Turawa, wadda suke kira sitek.

Wasu daga cikinmu kan ce illar waɗannan wurare ita ce abincin baƙi ne, cimar Nasara ce, kwaikwayo ne. Mu dai ba mu ga ƙarfin wannan hujja ba. Dubi taliya. Masana harshe na danganta sunanta da Italiya, amma yau wa zai gaya wa tsohuwar da ke murza taliyarta a ƙaramin inji, tana shanya ta a igiya, tana sayar da ita da manja da yaji, cewa abincin baƙi take yi? Gurasa da alkaki ma ta hanyar Larabawa suka zo mana. Su kansu mutanen Italiya, tumatirin da suke alfahari da shi ba nasu ba ne, daga nahiyar Amurka aka kawo shi Turai a ƙarni na 16. Fiza kuwa, wadda ake yi wa kallon abincin 'yan gayu, asalinta cimar talakawan birnin Naples ce, miliyoyin matalautan da suka yi ƙaura zuwa Amurka tsakanin 1880 da 1920 su suka tafi da ita, daga can ta bazu a duniya. Abinci matafiyi ne, ba ya neman izinin kowa. Muddin an tabbatar naman yankakke ne, babu alade, babu giya a cikin miya, to babu abin da ya hana Musulmi ci.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsarin zaman. Gidan abinci irin wanda muka sani yau a birnin Paris na Faransa ya samo asali, wajen shekarun 1760. Kafin nan, matafiyi a Turai idan ya sauka a masauki, a dogon teburi ɗaya yake zama tare da duk wanda ya tarar, a ci abin da aka dafa a lokacin da aka sauke. Sabon abin da gidan abinci ya kawo shi ne kowa da teburinsa, kowa da takardar da aka jera abinci da farashinsa, kowa ya zaɓi nasa, ya biya nasa. Wato tun ranar farko, abin da ake sayarwa ya haɗa da keɓewa. Wanda ya biya ya sayi damar ya ci ba tare da kowa ya sa masa ido ba, kuma ba tare da nauyin kowa a kansa ba.

Ko daga yankan nama ana iya gane wannan bambanci. Mai tsire yakan yanyanka nama ƙanana, ya baɗe shi da ƙuli da yaji, ya zuba a takarda ɗaya da albasa, kuma kafin a yi ciniki ma ya miƙo ɗanɗano, bayan an yi ya ƙara gyara. Nama ne da aka yanka domin hannuwa da yawa, ko mutum nawa suka iso za su sami abin ɗauka. Sitek kuwa tsoka ce guda mai kauri, a faranti guda, da wuƙa guda da cokali mai yatsu guda, har ana tambayar mai ci yadda yake so a gasa masa, da sauran ja a ciki ko ya gasu sosai. Tun daga wuta an san mai ita. Sa ɗaya ne, watakila ma bunajin da aka saya a kara ɗaya, amma wani yankan na cewa ku zo mu ci, wani na cewa wannan nawa ne.

Sa'an nan ga ƙofa, ga maigadi, ga gilashi. A rumfar mai shayi almajiri na tsaye da robarsa a inda ana ganinsa, wanda ya rage burodi ya miƙa masa. A babban gidan abinci kuwa, cikin abin da kuɗinmu ke biya har da albashin wanda aikinsa shi ne ya hana yaron nan matsowa. Ba mu kore shi da bakinmu ba, amma mun biya an kore mana shi. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a wannan zamani, domin bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Gidaje da yawa sun koma ci sau biyu, wasu sau ɗaya. Malamanmu kuma sun sha karanta mana gargaɗin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da wanda ya kwana a ƙoshe alhali ya san maƙwabcinsa na fama da yunwa, da kuma zargin da ya yi wa walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta. Abin lura a nan shi ne sani. Gilashi da maigadi ba su kawar da yunwar kowa ba, sun dai taimake mu ne mu zama kamar ba mu sani ba.

To, amma adalci ya sa mu saurari ɗaya ɓangaren, don shi ma yana da abin faɗa. Na farko, Allah bai haramta daɗi ba, kuma wanda ya nemi halaliyarsa yana da ikon ya ɗanɗana. Na biyu, gidan abinci na ciyar da mutane ta wata hanya: mai dafuwa, da mai wanke-wanke, da mahauci, da manomin rani mai kawo tumatir da albasa, duk daga nan suke samun na cefane. Na uku, ciyayyar da muke yabo ta maza ce, matan da suka sha hayaƙi suna ciki, abin da ya rage suke jira, alhali a gidan abinci mace na iya zama a kawo mata. Ɗalibar da ta zo daga Inugu ko Makurɗi, wadda ba ta da zaure a Zariya, nan ne kawai za ta zauna teburi ɗaya da ƙawarta 'yar Katsina. Na huɗu, wani zai ce ai bismillar ma ta fatar baki ce, mai yin ta bai so a amsa ba, wanda aka yi wa ma ya san haka.

Hujjoji ukun farko mun karɓe su. Ta huɗu ce ba mu yarda da ita ba. Gaskiya ne sau tara cikin goma ba a amsa tayi, amma darajarsa na cikin na goman, ranar da mai jin yunwa na gaske ya wanke hannu ya zauna, babu kuma mai ikon janye maganarsa. Bugu da ƙari, ko ba a amsa ba, tayin ya yi aikinsa, domin ya tilasta wa mai ci ya ɗaga kai ya ga cewa akwai mutum a wurin. Wanda ya saba da wannan sau uku kullum tun yana yaro, idonsa ya horu da ganin mutane. Wanda kuma ya saba ci a inda ba a ganin kowa, a hankali zai fito waje ma ya daina gani. Hausawa sun ce kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu, kuma a ganinmu ba rowa kaɗai suke nufi ba, har da wannan makanta.

Saboda haka ba kira muke yi a ƙaurace wa gidan abinci ba. Zamani riga ne, mu ma muna zuwa, kuma za mu ci gaba da zuwa. Abin da muke cewa shi ne, tun da wurin ya sauke mana nauyin tayi, to mu ne za mu ɗauko shi mu shiga da shi. Abin sha'awa, mutanen Italiya da kansu suna da dabarar haka. A Naples akwai tsohuwar al'ada inda mai hali zai sha kofi ɗaya na gahawa ya biya kuɗin biyu, a ajiye ɗayan ga duk wanda ya shigo ba shi da ko sisi, mai bayarwa bai san mai sha ba, mai sha bai san mai bayarwa ba. Wannan ai ciyayya ce ta sake riga, ga ciyarwa ga rufin asiri. Babu abin da zai hana mai gidan abinci a Samaru ko Sabon Gari ya buɗe littafin irin wannan, wanda ya ci faranti ya biya na shinkafa da wake guda ga wani. Kafin a kai ga nan ma akwai na kusa: direban da muka bari a mota, da ɗan acaɓan da ya kawo mu, da yaron da ke ɗauke mana faranti, wanda watakila bai taɓa ɗanɗana abin da yake ɗauka ba. Akwai kuma iyali. Magidancin da ya ci gasasshen nama a gari, ya dawo ya tarar da yara na cin tuwo da miya ba mai, ya ce shi ya ƙoshi, wannan ba ya bukatar malami ya gaya masa matsayinsa.

Mu marubuta kuma muna da namu kason. Littattafanmu na soyayya cike suke da babin da saurayi zai ɗauki budurwa a mota mai sanyi ya kai ta babban otal, a jera musu kaji da lemo, su ɗan taɓa su tashi. Muna rubuta wannan ne don mu nuna gwarzon namu ya isa, masu karatu matasa kuma na ɗauka cewa isa ke nan. Ba mu ce a daina rubuta babin ba, amma mai alƙalami ya kamata ya ga ɗakin duka. Wa ya kwashe sauran kajin? Wa ke tsaye a waje lokacin da motar ta fito? Me yarinyar ta tuna game da ƙannenta sa'ad da ta ga kuɗin da aka biya? Sau da yawa labarin na gaske yana wajen waɗannan, ba wajen masu cokali mai yatsu ba.

Iyayenmu ba su bar mana taliya da cuku ko tsoka mai kauri ba, amma sun bar mana kalma guda da ke mai da abincin mutum ɗaya ya zama na jama'a. Idan 'ya'yanmu suka iya riƙe wuƙa a dama da cokali a hagu, suka manta da ita, to mun yi asarar da ba a rubuta ta a takardar kuɗin abinci ba. Allah ya ba mu abin da za mu ci, ya ba mu waɗanda za mu ci da su, ya kuma sa mu riƙa ganinsu. Amin.