Ita Ma Ɗiyarsa Ce

Karatu: Markus 5:25-34

Mai karatu, ka duba bencin mata a majami'arku ranar Lahadi. Wace ce ba ka ƙara gani ba tun da ta haihu? A Tignère da ƙauyukan Galim, Mayo-Baléo da Kontcha akwai matan da suka daina zuwa sujada, suka daina zuwa kasuwa da gidan biki. Ba su yi ridda ba. Yoyon fitsari ne ya tsare su a ɗaka, kunya kuma ta rufe musu baki.

Bari mu fara da sanin ciwon. Idan naƙuda ta yi tsawo, kwana biyu ko uku, jariri ya kasa fitowa, kansa yakan danne naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa a kan ƙashin ƙugu. Jini ba ya kaiwa wurin, sai naman ya mutu, ya bar rami. Daga nan fitsari yakan zubo dare da rana, wani lokaci har da bayan gida. Sau da yawa jaririn ma ba ya rayuwa. Yarinyar da aka aurar ƙugunta bai gama girma ba tana cikin babban haɗari, haka ma matar da ke nesa da asibitin da ake yin tiyata.

To, laifin wa ne? Wasu sukan ce ta ci amanar mijinta ne, shi ya sa haihuwa ta ƙi. Wasu su ce sammu ne ko iska. Almajiran Yesu ma sun yi irin wannan tunani a kan mutumin da aka haifa makaho, amma Ubangiji ya ƙi ɗora laifin a kansa ko a kan iyayensa (Yahaya 9:1-3). Matar nan ba ta yi zunubin da ya jawo mata ciwon ba. Idan muna neman mai laifi, sai mu duba kusa. Uban da ya karɓi sadaki tun 'yarsa tana 'yar shekara 14 yana da nasa. Maigidan da ya ce a jira gari ya waye, don kada ya biya kuɗin mota, yana da nasa. Tsofaffin da suka koya wa yarinya cewa abin kunya ne ta yi kuka a haihuwar fari, har ta ɓoye naƙudarta kwana biyu, su ma suna da nasu.

Wani maigida zai ce, “Ni ma mutum ne. Warin ya fi ƙarfina, ga asarar ɗa, ga dangi suna cewa in rabu da ita.” Ba mu raina wahalarka ba, ɗan'uwa. Amma ka tuna, cikinka ta ɗauka, a wajen haifa maka ɗa ta sami wannan rauni. Manzo Bulus ya koyar cewa matar mutum kamar jikinsa take (Afisawa 5:28-29). Wanda ƙafarsa ta yi gyambo ba ya yanke ta ya yar don tana wari. Yakan wanke ta, ya ɗaure, ya nemi magani. Alkawarin da ka yi a gaban Allah da jama'a bai ƙare ranar da ta kwanta ciwo ba.

Yanzu ka dubi matar da ke cikin karatunmu. Shekara 12 tana zubar jini. Bisa ga shari'ar Littafin Firistoci 15, ita da shimfiɗarta da wurin zamanta duka ƙazantattu ne. Ta kashe duk abin da take da shi a wurin masu magani, ciwon sai gaba yake yi. Ta zo ta bayan Yesu a ɓoye, ta taɓa tufarsa, ta warke. A lokacin yana kan hanyarsa zuwa gidan Yayirus, babban mutum, wanda 'yarsa ke bakin mutuwa. Duk da haka ya tsaya, ya nemi wadda ta taɓa shi. Me ya sa bai bar ta ta tafi shiru ba? Domin da ta tafi haka, jikinta ya warke amma garinsu bai sani ba, za a ci gaba da gudunta. A gaban taro ya kira ta ɗiyarsa, ya sallame ta da salama. Ya mayar mata da lafiyarta, ya kuma mayar da ita cikin mutane.

Aikin nan biyu ne ya bar wa ikkilisiya. Na fari, neman magani. Yoyon fitsari yana warkewa ta hanyar tiyata, yawancin matan da aka yi wa sukan sami lafiya. Likitoci Reginald da Catherine Hamlin sun buɗe asibiti don wannan ciwo a Addis Ababa a 1974. Likita Kees Waaldijk ya yi shekaru masu yawa yana ɗinke mata a Babbar Ruga, Katsina. A yankinmu, asibitin mishan na Ngaoundéré ya yi wa mata da yawa wannan aiki. Tun 2013 kuma duniya tana tunawa da su kowace ranar 23 ga Mayu. Dattawan ikkilisiya za su iya tara kuɗin mota da guzuri, zumuntar mata ta ba da 'yar rakiya.

Rigakafi ya fi sauƙi. Dokar hukunta laifuffuka ta Kamaru ta 2016 ta hana aurar da wanda bai kai shekara 18 ba. A 2015 aka fara shirin takardar lafiya ta masu ciki a jihohin Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa, inda sefa 6,000 suka ɗauki awon ciki, haihuwa da tiyata idan ta kama. Ku tambaya a asibitin da ke kusa da ku. Idan naƙuda ta wuce wuni guda ko dare guda ba haihuwa, kada a jira, a kai ta asibiti.

Na biyu, mayar da ita cikin jama'a. Wannan ba aikin likita ba ne, naka ne. Ka je ka gaishe ta. Ke 'yar'uwa, ki kai mata sabulu da zane, ki ci abinci kwano ɗaya da ita, ki zauna kusa da ita a majami'a.

Ke kuma mai fama da wannan ciwo, idan kina karantawa ko ana karanta miki: Allah bai la'ance ki ba. Ki faɗa wa matar fasto ko ma'aikaciyar asibiti a makon nan. Wanda ya tsaya domin waccan mata yana jin kukanki.

Addu'a: Ya Ubangiji, ka gafarta mana don mun guji waɗanda kai ka karɓa. Ka warkar da 'yan'uwanmu mata, ka ba mazajensu aminci, ka kiyaye masu naƙuda a daren nan. Cikin sunan Yesu. Amin.