WASA TARA, BABU NASARA KO ƊAYA: SHIN WAƊANNAN YARAN SUN YI ASARA?

Yau tambaya ce na kawo mana, kuma daga filin ƙwallo na ɗauko ta. Idan mutum ya yi iyakar abin da ke hannunsa amma sakamako ya fito babu komai, da me za mu auna shi?

A Amurka jami'o'i suna da ƙungiyoyin ƙwallo, irin ƙwallonsu mai siffar ƙwai da ake runguma a hannu ana gudu ana ture juna. Ranar 2 ga Oktoba 1970 ƙungiyar Jami'ar Wichita State ta jihar Kansas ta tashi a jirage biyu za ta je wasa jihar Utah. Ɗaya ya sauka lafiya. Ɗayan ya faɗi a duwatsun Colorado, mutum 31 suka mutu, cikinsu har da 'yan wasa 14 da babban kocinsu. Manyan 'yan wasan ƙungiyar suna cikin wannan jirgin.

Waɗanda suka rage suka zauna suka yanke shawarar ƙarasa kakar. Hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta yi musu sassauci suka sa 'yan aji ɗaya, waɗanda a lokacin doka ba ta ba su damar buga wa babbar ƙungiya ba. Mako uku bayan hatsarin suka fito gaban Jami'ar Arkansas, ɗaya daga cikin ƙungiyoyi mafi ƙarfi a ƙasar, aka lallasa su 62 da nema. Haka kakar ta ƙare: wasa 9, an ci su a duka 9.

Ba a rufa wata biyu ba, ranar 14 ga Nuwamba, jirgin da ya ɗauko ƙungiyar Jami'ar Marshall ya faɗi dab da sauka a Huntington, jihar West Virginia. Mutum 75 ne a ciki, babu wanda ya tsira, 37 daga cikinsu 'yan wasa. A 1971 sabon koci Jack Lengyel ya harhaɗa ƙungiya da sabbin ɗalibai har da 'yan wasu wasannin daban. Suka buga 10, suka ci 2, aka ci su 8. Marshall ba ta sake ganin kakar da nasara ta rinjayi faɗuwa ba sai 1984. Daga baya ta ɗauki kofin ƙasa na rukuninta a 1992 da 1996, har aka yi mata fim a 2006.

To a nan fa tambayar take. Duk mai ba da labarin Marshall da kofi yake rufewa, ya ce ai ka ga, mahaƙurci mawadaci. Gaskiya ne. Amma ita Wichita fa? Babu kofin da ya biyo baya. Bayan kakar 1986 jami'ar ta rufe ƙungiyar ɗungurum. In dai kofi ne ke ba wa haƙuri daraja, kenan yaran Marshall sun yi abin kirki, na Wichita kuwa sun yi wahalar banza. Alhali abu ɗaya suka yi. Duka sun binne abokansu, duka sun sa rigar suka fito sun san duka za su sha. Ɗan shekara 18 da ya tsaya a fili a 1971 bai san me zai faru a 1992 ba, kuma ba shi ya buga wasan ba. Ta yaya abin da wasu suka yi bayan shekara 21 zai ƙara masa ko ya rage masa?

Ma'aunin da ya dace shi ne abin da ke hannun mutum a lokacin da ya yi aikin, da yadda ya yi da shi. Sakamako kuwa abubuwa da yawa ke haɗuwa su haifar da shi, mafi yawansu ba a hannunka suke ba.

Kada wani ya ɗauki maganar nan a matsayin mafaka ga ragwanci, domin labarin da kansa ya toshe wannan ƙofar. Binciken hukumar kula da haɗurran sufuri ta Amurka ya nuna matuƙan jirgin Wichita sun bar hanyar da ɗayan jirgin ya bi, suka ratsa tsakanin duwatsu ƙasa-ƙasa don fasinjoji su sha kallo, ga jirgin ya yi nauyi fiye da kima, har suka shiga kwarin da ba su iya haurawa ba kuma ba su iya juyawa. Wannan ma faɗuwa ce, amma ta sakaci. Su suna da hanya mai aminci a hannunsu suka bari. Yaran da aka ci 62 kuwa abin da suke da shi kaɗan ne, kuma sun bayar da shi duka. A takarda duka biyun rashin nasara ake rubutawa, amma mai adalci ba zai haɗa su a kwando ɗaya ba. Ƙaddara gaskiya ce, sai dai ba ta wanke wanda ya yi wasa da amanar da aka damƙa masa.

Wani zai ce, Malam, anya wannan ba taurin kai ba ne? Me ya hana su haƙura su zauna gida su yi makoki? Tambaya ce mai kyau, kuma da sun zaɓi hakan babu mai zarginsu. Akwai lokacin da janyewa ita ce hikima. Abin dubawa shi ne su da kansu suka zaɓa, kuma fitowar tasu ta ba wa garin da ke cikin jimami wurin taruwa. Wanda ya nace don kada a ce ya gaza, girman kai ke jansa. Su waɗannan sun riga sun san za a gan su a ƙasa, suka yarda.

Yanzu mu dawo gida. Yaronka ya kwana yana karatu, jarrabawa ta fito ya faɗi, ka zage shi gaban ƙannensa. Ɗan maƙwabci ya sayi amsa ya ci, ana ta barka. Manomi ya yi huɗa da noma a kan lokaci, ruwa ya ɗauke, muna kallonsa kamar marar dabara. Ɗan kasuwa ya ƙi algus ya karye, mai algus ya gina bene muna miƙe masa a taro. Wallahi da yawanmu allon maki kawai muke karantawa, kuma yaranmu suna kallo. Abin da muke koya musu shi ne a ci ko ta halin ƙaƙa.

Idan wani naka ya faɗi, kafin ka buɗe baki tambayi kanka abu biyu. Me yake da shi a hannu? Ya yi amfani da shi ko ya yi sakaci? In sakaci ne, gyara shi da gaskiya ba tare da wulaƙanci ba. In kuwa ya yi iyakar yinsa, to ka riƙe shi da kyau, domin ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma kai ka ga naka a ranar da miyar ta ƙare.

Allah ya ba mu ikon yi wa waɗanda suka faɗi adalci, ya sa mu dace.